Kafin ka kunna Osborne 1

Malam, ka ce ka samu Osborne 1, kwamfutar 'yan kasuwa ta 1981 mai nauyin kusan kilo 11, kana son tayar da ita. Don Allah kada ka yi saurin jona ta. Duba rubutun da ke bayanta tukuna: in ta wutar Amurka ce, mai ƙarfin volt 120, wutarmu ta volt 230 za ta ƙone ta nan take, sai an haɗa da taransifoma mai rage ƙarfin wuta. Kafasitocin sashen wutarta, wato ƙananan sassan da ke tara wuta, su ma sun tsufa, sukan fashe da hayaƙi, gara a sauya su. Ba za ta tashi ba sai da faifai mai inci 5.25 na CP/M, wato manhajar da ke tafiyar da ita; sa shi a ramin faifai na hagu. Buɗe cikinta kuwa, bar wa mai gyaran tsofaffin talabijin, domin allonta yakan riƙe wuta mai haɗari ko an kashe ta.