Haɗa amfilifaya da akwatin lasifika a gida: amsoshin tambayoyinku

Tambayoyin wannan makon sun karkata ne zuwa ga kayan sauti, musamman daga matasan da suka fara riƙe ƙarfen narka dalma suna son su haɗa wa kansu abin sauraron karatu ko waƙa daga waya da kwamfuta. Na zaɓi biyar daga cikinsu.

Tambaya daga wani ɗalibi a Funtuwa: Na iya gyaran rediyo kaɗan, kuma ina son in haɗa amfilifaya na ɗakina. Na ga wani allo da aka rubuta wat 1000 a kwalinsa, yana aiki da bolt 12. Da shi zan fara, ko kuwa in sayi taransistoci 2SC5200 in haɗa irin na masu kiɗan biki?

Amsa: Kafin ka fitar da kuɗinka, ɗauki biro ka yi wannan lissafin, domin shi zai raba ka da yawancin ƙaryar da ake bugawa a jikin kwali. Ƙarfin da lasifika ke samu shi ne bolt ɗin da ya isa gare ta, a ninka shi da kansa, a raba da om ɗinta, wato awon yadda take tare wuta. Idan wutar da aka ba allo bolt 12 ce, kuma babu wani sashe a cikinsa da ke ɗaga ta sama, to mafi girman abin da zai iya turawa a matsakaicin awo bai wuce bolt 8.5 ba, ko da an yi masa haɗin gada, wato a tura wa lasifika sigina ta wayoyinta biyu a lokaci ɗaya. Ninka 8.5 da 8.5 ka raba da 4, za ka samu wat 18 a lasifika mai om 4. Wannan shi ne iyakarsa a takarda, a aikace ma bai kai haka ba. Lambar 1000 ɗin da ka gani awon da ake kira PMPO ne ko ɗan'uwansa, wanda ba shi da wata ƙa'idar da aka amince da ita, kowane mai sayarwa yana rubuta abin da ya ga dama.

Sai dai kada wat 18 ya yi maka kaɗan a ido. Kunnen ɗan'adam ba ya jin ƙara daidai da yawan wat: idan ka ninka ƙarfi sau biyu, ƙarin da za a samu dasibel 3 ne kacal a awon ƙarar sauti, kuma sai ka ninka shi kusan sau goma kafin mai sauraro ya ce sautin ya ninka. A ɗakin kwana, da lasifika mai saurin amsawa, wat 15 zuwa 20 ya isa ya sa maƙwabci ya ƙwanƙwasa maka ƙofa.

Shawarata ita ce ka fara da allon TPA3116D2 na kamfanin Texas Instruments, wanda ke karɓar wuta daga bolt 4.5 zuwa 26, ka ba shi cajar kwamfutar tafi-da-gidanka mai bolt 19. Da haka hannunka ba zai kusanci wutar NEPA ba, kuma za ka koyi jan waya, sanya maɓallin ƙara da tsara akwati. Idan hannunka ya faɗa, sai ka matsa zuwa LM3886, wani IC (ƙaramin guntu mai ƙafafu) na ƙara sauti, wanda a ganina shi ne makarantar gaskiya ga mai koyo, domin kai za ka gina masa sashen wuta da kanka. Takardar bayaninsa ta nuna yana ba da wat 68 a om 4 idan an ba shi wuta mai ɓangare biyu, bolt 28 a ɓangaren sama (+) da 28 a ɓangaren ƙasa (−), ko wat 50 a om 8 da bolt 35. Ka tuna cewa wutar taransifoma tana ƙaruwa da kusan kashi 41 cikin 100 bayan ta bi ta dayod da kafasita, saboda haka taransifoma mai 20-0-20, wato bolt 20 a kowane gefe, zai ba ka kimanin bolt 27 a kowane ɓangare, mai 24-0-24 kuma kimanin 33, wanda ya yi yawa ga lasifika mai om 4. Akwai abubuwa biyu da ke kayar da masu farawa a wannan IC ɗin. Na farko, ƙarfen bayan LM3886T a haɗe yake da ɓangaren wuta na ƙasa, don haka dole a sa takardar mika tsakaninsa da farantin alminiyam mai shan zafi, yayin da mai lamba TF ya zo a rufe da roba. Na biyu, ƙafarsa ta 8 ita ce ta yin shiru, kuma idan ba a ja ta da rezista zuwa ɓangaren wuta na ƙasa ba, amfilifaya zai yi tsit, mutum ya yi zaton IC ɗin ya mutu alhali lafiyarsa ƙalau.

Amma 2SC5200 da abokinsa 2SA1943, ka bar su zuwa gaba. Taransistoci ne masu kyau na Toshiba, sai dai suna cikin waɗanda aka fi yin jabunsu, kuma na jabu yakan yi aiki lafiya a ƙaramar murya, ya ƙone da zarar an buɗe masa, wani lokaci ya tafi da lasifikar tare da shi. Mai koyo ba zai iya bambance kuskurensa da laifin kayan ba.

Tambaya daga Maraɗi: Da sola nake amfani, batir biyu masu bolt 12 a jere. Zan iya jona allon TPA3116D2 kai tsaye?

Amsa: Ban ba ka shawarar haka ba, Malam. Batir biyu a jere sunansu bolt 24, amma lokacin da rana ta take suna caji sukan haura 28, wato sun wuce bolt 26 da aka yarda a yi aiki da shi. Ka sa ƙaramin allon rage wuta a tsakani ka tsayar da shi a kan 20 ko 21, tare da fiyus kusa da batir. Ka kuma kula cewa baƙar wayar lasifika a irin wannan allon ba wayar ƙasa (giraun) ba ce, tana ɗauke da sigina, don haka kada ka haɗa baƙar hagu da ta dama, kuma kada ka bari ɗayansu ta taɓa jikin akwatin ƙarfe. Zaɓin wannan allon dai daidai ne ga mai batir, domin irinsa yana mayar da kusan kashi 90 cikin 100 na wutar da ya ci zuwa ga lasifika, saɓanin LM3886 da ke zubar da kaso mai yawa a zafi.

Tambaya daga wani kafinta a Zariya: Nakan yi wa mutane akwatin lasifika, ina auna girmansa da ido gwargwadon faɗin lasifikar. Wani akwatin ya ba da amo mai daɗi, wani kuma ya riƙa gunji mara fasali, ko da lasifikocin duk inci 10 ne. Ina matsalar take?

Amsa: Malam, matsalar ba a aikin hannunka take ba. Faɗin lasifika ba shi ke nuna girman akwatin da take buƙata ba, shi ya sa biyu masu inci 10 za su iya bambanta da ninki biyu ko fiye a yawan iskar da kowace ke so a bayanta. Aikin akwati na farko shi ne ya hana iskar bayan takardar lasifika zagayowa ta soke ta gaba, domin idan takardar ta tura iska a gaba tana janyo ta ne a baya, shi ya sa lasifikar da aka ajiye tsirara a kan tebur ba ta da amo, wato sautin nan mai kauri. Aikinsa na biyu kuma, iskar da aka kulle a ciki tana tokare takardar, kuma gwargwadon ƙanƙantar akwati gwargwadon tsananin tokarewar.

Wanda ya fara tsara wannan lissafin yadda za a iya aiki da shi wani injiniya ne ɗan Ostireliya, Neville Thiele, a 1961, sannan Richard Small ya faɗaɗa shi a farkon shekarun 1970. Daga aikinsu ne aka samu lambobi uku da kowane kamfanin kirki ke bugawa tare da lasifikarsa: Fs, wato yawan girgizar da takardar ke yi a sakan ɗaya idan an bar ta da son ranta, Qts, wato yadda take saurin tsayawa bayan an motsa ta, da Vas, wato laushin maƙalarta a awon lita. Ga misali: lasifika mai Fs 40, Qts 0.4 da Vas lita 40, idan ana son akwati rufaffe mai amo madaidaici wanda Q ɗinsa, wato Qts ɗin lasifikar bayan an sa ta a akwati, ya kai 0.7, za ta buƙaci kimanin lita 19, kuma amonta zai fara raguwa daga wajen Hz 70, wato girgiza 70 a sakan ɗaya. Idan ka matse ta a lita 10, Q ya haura, wani yanki ɗaya na amon ya kumbura ya danne sauran, wannan shi ne gunjin da kake ji. Manhajar WinISD kyauta ce a kwamfuta, kana zuba mata lambobin nan uku ta zana maka yadda sautin zai kasance a kowane girma.

Sai batun rami, wanda na lura akwatunan kasuwa da yawa ana huda musu shi ne don ado. Ramin da bututunsa suna aiki ne kamar yadda kwalba ke ba da sauti idan an hura bakinta: yawan iskar ciki, faɗin bututu da tsawonsa su ke tsayar da muryar da akwatin zai ƙarfafa. Bututu mai tsawo yana saukar da muryar ƙasa, mai faɗi yana ɗaga ta sama. Idan aka huda shi da ka, zai ƙarfafa inda ba a so, kuma a ƙasa da muryar da aka saita shi takardar lasifika takan yi ta lilo ba tare da tokari ba har ta lalace. Lasifika mai Qts ƙasa da 0.4 ita ta fi dacewa da akwati mai rami, mai sama da haka kuma ta fi son rufaffe. Idan lasifikar da aka kawo maka ba ta da takarda ko suna, kamar yadda yawanci ake samu a kasuwar Sabon Gari ko Alaba, ka yi mata rufaffe mai ɗan yalwa ka sassaka audugar matashi a ciki, domin rufaffen akwati yana yafe kuskuren awo, mai rami kuwa ba ya yafewa.

A ɓangaren katako, kai ne malamina, sai dai in ƙara abu kaɗan. Kauri ya kai milimita 18, ko MDF ko filawud mai kyau. MDF ya fi rashin amsa kuwwa, amma yana kumbura idan ya sha damshin damina, don haka akwatin da za a riƙa fita da shi filawud ya fi masa. Ka sa gam a kowace gaɓa kafin sukuru, ka ɗaura sanda a ciki tsakanin bango biyu masu faɗi, kuma ka lissafa litar daga awon ciki bayan ka cire wurin da maganaɗisu da sandar suka cinye. Idan ka gama, danna takardar lasifikar a hankali da yatsu a kewayen tsakiyarta ka saki: a akwati rufaffe mai kyau za ta dawo sannu a hankali, idan kuwa ta dawo nan take, iska na zurarewa ta wani wuri. Ƙwanƙwasa bangon da gaɓar yatsa ma yana faɗin gaskiya, domin bangon da ya yi ƙara kamar ganga zai yi ta rera tasa waƙar tare da lasifikar.

Tambaya daga Kumasi: Ƙananan lasifikocina masu siririyar murya suna yawan ƙonewa. Me zan yi?

Amsa: Ko dai ka jona su kai tsaye ba tare da abin da zai tare musu amo ba, ko kuma kana buɗe amfilifaya har sautin ya fara tsagewa, wanda ke tura musu zafin da ba za su iya ɗauka ba. Mafi ƙarancin kariya shi ne kafasita marar ɓangaren + da − mai mikrofarad 4.7 a jere da tuwita, wato ita ƙaramar lasifikar, mai om 8, wanda zai fara rage duk abin da ke ƙasa da kimanin Hz 4,200. Ka duba kuma yawan lasifikocin da ka tara a layi ɗaya, domin biyu masu om 8 a gefe da gefe sun zama om 4, biyu masu om 4 kuma sun zama om 2, nauyin da yawancin amfilifaya na gida ba sa jurewa.

Tambaya daga Katsina: Na gama haɗa LM3886 amma ina tsoron kunnawa, domin na farkon da na yi hayaƙi ya tashi.

Amsa: Tsoron nan naka a wurinsa yake, kuma maganinsa kwan fitila ne irin na da mai zare a ciki, mai wat 60 ko 100, ba na LED ba. Ka jona shi a jere da wayar wuta mai rai kafin ta shiga taransifoma, a cikin mazauninsa mai rufi, ba da waya tsirara ba. Idan ka kunna, kwan zai yi haske na ɗan lokaci yayin da manyan kafasitoci ke cika, sannan ya dushe. Idan ya ci gaba da haske sosai, akwai inda wuta ta haɗe, kuma kwan ne ya shanye ta maimakon kayanka, sai ka kashe ka bincika. Ka gwada sashen wuta shi kaɗai tukuna, ka tabbatar da mita cewa ɓangarorin biyu sun yi daidai, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Bayan ka jona allon, kada ka sa lasifika sai ka auna wutar DC a bakin fitar sauti: ƙasa da milibolt 50 lafiya ne, idan kuwa ka ga bolt ɗaya ko fiye, to akwai gyara. Gwajin farko kuma a yi shi da tsohuwar lasifikar da ba za ka yi kukan rashinta ba.

Kafasita mai mikrofarad 10,000 yana riƙe wuta bayan an zare filogi, saboda haka ka sauke shi ta rezista kafin ka sa hannu, kada ka haɗe ƙafafunsa da sukundireba. Akwatin ƙarfe kuma dole a ɗaure shi da wayar ƙasa, a sa fiyus a hanyar shigar wuta. Idan komai ya tashi amma kana jin wani zuuu a lasifika ko da babu waƙa, ka zare wayar shigar sauti ka haɗe bakinta da ƙasa. In ƙarar ta ɗauke, daga waje take shigowa, ta wayar da ba ta da rufin kariya ko ta cajar kwamfuta. In ta ci gaba, ka nisanta wayoyin sigina daga taransifoma, ka murɗe wayoyin wuta biyu-biyu, sannan ka tattara duk wayoyin ƙasa su haɗu a wuri guda kusa da tsakiyar manyan kafasitocin, kowace da hanyarta.