Amurka da kuɗinta, me ya kai ƙungiyoyin mata aikin agajin guguwa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ma'aji ce a wata ƙaramar ƙungiyar mata a Maiduguri. Lokacin ambaliyar madatsar Alau a 2024 mun tara abinci da tufafi mun raba, amma kafin wata guda hannunmu ya ƙare, kowa ta koma harkar gabanta. Kwanan baya na ji a rediyo cewa a Amurka ma ƙungiyoyin mata 'yan sa-kai ne ke ɗawainiya da iyalan da mahaukaciyar guguwa ta raba da gidajensu. Abin ya ɗaure mini kai. Ƙasa mai wannan arziki, me ya rage da mata za su yi wanda gwamnati ba ta yi ba? Kuma ta yaya suke jurewa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah Ya saka muku da alheri, Ya kiyaye na gaba.

Gwamnatin Amurka tana da hukumar agajin gaggawa mai suna FEMA, tana da sojoji da jiragen ceto, ga kuma Red Cross da ke buɗe sansanoni. Ranar da ruwa ya ci gari, waɗannan ne a gaba, kuma ba a sa ran wata ƙungiyar mata ta shiga kwalekwale ta ciro mutum daga kan rufin ɗaki. Aikin matan yana farawa ne bayan 'yan jarida sun naɗe kayansu sun tafi. Gwamnati fom take gani da lambar rajista. Ba ta san cewa matar da ke ɗaki na goma sha biyu a wani otal tana da jariri da tsohuwa mai ciwon sukari ba, ko cewa ɗanta ya ƙi zuwa sabuwar makaranta saboda takalminsa ya tafi da ruwa.

Guguwar Katrina ce ta fi fito da wannan fili. Ta sauka gaɓar tekun jihohin Louisiana da Mississippi ranar 29 ga Agustan 2005, shingayen da ke tare ruwa suka ɓalle, kusan kashi 80 cikin 100 na birnin New Orleans ya nutse. Mutane fiye da miliyan ɗaya suka bar gidajensu, suka watsu har sai da aka samu waɗanda suka nemi agaji daga dukkan jihohi 50 na ƙasar. An kwashi dubbai a motocin bas zuwa filin wasa na Astrodome da ke Houston a jihar Texas. Ki lura, waɗannan mutane ba gudun kwana uku suka yi ba. Ƙidayar shekarar 2000 ta samu mutum wajen 484,000 a New Orleans, ta 2010 kuwa wajen 344,000. Ma'ana akwai dubun dubatar iyalai da suka fara rayuwa daga farko a garin da ba su da dangi ko maƙwabci.

To iyalin da suka sauka a baƙon gari da kayan jikinsu, me suke buƙata bayan sun ƙoshi? Ɗauki famfas kawai. Tallafin abinci da gwamnatin Amurka ke bai wa marasa ƙarfi, wanda ake kira SNAP, ba a sayen famfas da shi, ba a sayen audugar mata, ba a sayen sabulu. Jariri kuwa yakan ɓata shida zuwa goma a rana, kuma yawancin gidajen rainon yara ba sa karɓar yaro sai uwarsa ta kawo famfas ɗinsa. Idan ba a karɓi yaron ba, uwar ba ta fita neman aiki ba, idan ba aiki ba kuɗin haya. Wannan ɗan abu da namijin da ke tsara kasafin agaji ba lallai ya tuna da shi ba, shi ne ke ɗaure mace a ɗakin otal. Shi ya sa rassa da dama na ƙungiyar mata 'yan sa-kai mai suna Junior League, har da na New Orleans, suke da sito na famfas da suke tarawa su raba duk shekara, da guguwa da babu. Haka batun yunifom da jakar makaranta. Akwai dokar McKinney-Vento ta 1987 da ta ce dole makaranta ta karɓi yaron da ba shi da muhalli ko da bai zo da takardunsa ba. Doka ta buɗe ƙofa, amma sai an samu wadda za ta gaya wa uwa cewa dokar tana nan, ta raka ta ofishin shugaban makaranta.

Sai maganar takardu, wadda a ganina ita ce ta fi cin mutane, ba a kuma cika ba ta muhimmanci ba. Tallafin FEMA yana da wa'adin rajista, yawanci kwana 60. Ana neman shaidar cewa gidan naka ne ko kana haya a ciki, ana neman takardun inshora, alhali duk sun jiƙe sun ruɓe. A unguwannin baƙar fata na New Orleans an samu gidaje masu yawa na gado, daga kaka zuwa uwa zuwa jika, ba a taɓa sauya suna a takarda ba. Kowa a layin ya san gidan wance ne, amma shirin sake gina gidaje na jihar Louisiana, wanda aka kira Road Home, takarda ya sani. Shirin ma da farko yana auna tallafi ne da darajar gida kafin guguwa, sai ya zama gidan da ke unguwar talakawa ya samu ƙasa da na unguwar masu hali, ko da kuɗin gyaransu ɗaya ne. Har kotu aka je a kan wannan. Mai sa-kai da za ta zauna da tsohuwa awa uku tana cike mata fom, ta rubuta mata takardar ɗaukaka ƙara idan an hana ta, ta haɗa ta da lauyan da ke aiki kyauta, ta fi mata amfani nesa da buhun gwanjo.

Da na ambaci gwanjo, bari in tsaya kaɗan. Ma'aikatan agaji a can suna kiran tulin kayan da ba a nema ba bala'i na biyu. Mutane da kyakkyawar niyya sukan kwaso rigunan sanyi su aika wurin da ake zafi, da takalma wari-wari, da maganin da wa'adinsa ya wuce. Sai a rasa sito, a ɗebe 'yan sa-kai daga aikin da ya dace a sa su tantance tsumma, ƙarshenta a kai bola. Ƙungiyoyin da suka goge sun daina wannan. Kuɗi suke tarawa, ko katin sayayya na manyan kantuna, su bai wa uwa ta sayi abin da ta san gidanta na buƙata. Kayan ciki na mata da na yara kuwa sababbi ake saye, saboda mutunci.

Kin tambayi yadda suke jurewa. Ba guguwa ce ta haife su ba, ta tarar da su ne a tsaye. An kafa tarayyar ƙungiyoyin mata mai suna General Federation of Women's Clubs a 1890. Mary Harriman ta kafa Junior League a birnin New York a 1901. Matan baƙar fata, da yake a wancan zamani na wariyar launin fata ba a buɗe musu ƙofar ƙungiyoyin farare ba, suka kafa nasu: National Association of Colored Women a 1896 ƙarƙashin Mary Church Terrell, da ƙungiyoyin ɗalibai mata na Jami'ar Howard, wato Alpha Kappa Alpha a 1908 da Delta Sigma Theta a 1913, sai The Links a Philadelphia a 1946. Kowace tana da kuɗin mamba da ake biya duk shekara, da asusun banki, da ma'aji mai ajiye rasidi, da kwamitoci, da taron wata-wata. A Junior League ma mamba tana da adadin aikin sa-kai da ya wajaba ta yi a shekara, ana kuma koya mata aikin kafin a sake ta. Ba a fafe gora ranar tafiya. Da ruwa ya zo, ba a zauna neman wa za ta riƙe kuɗi ba, an riga an san ta.

Sannan suna da rassa. Wannan shi ne ƙarfinsu a bala'in da ke watsa mutane. Idan reshen garin da abin ya faru ya durƙushe, domin mambobinsa su ma gidajensu sun tafi, reshen Houston ko Atlanta ko Dallas yana nan lafiya lau, kuma can ne 'yan gudun hijirar suka nufa. Waya ɗaya daga reshe zuwa reshe ta isa a san wa ke tafe, da yara nawa.

Al'adar ta daɗe. Ranar 8 ga Satumban 1900 guguwa ta share tsibirin Galveston a Texas, ta kashe aƙalla mutum 6,000, kuma har yau babu wata guguwa ko ambaliya ko girgizar ƙasa da ta kai ta kisa a tarihin Amurka. Clara Barton, wadda ta kafa Red Cross ta Amurka, ta je da kanta tana da shekara 78, kuma matan garin ne suka riƙe rabon kaya unguwa-unguwa. Bayan ta tafi ba su watse ba. A 1901 suka kafa Women's Health Protective Association, suka sake binne gawarwakin da aka turbuɗe cikin gaggawa, suka matsa wa hukuma kan tsaftar gari da ta madarar da ake sayarwa. Da aka cike tsibirin da yashi don a ɗaga shi sama, bishiyoyi suka mutu, su ne suka jagoranci sake shuka gari. Aikin shekaru ne.

Wani ɓangaren aikin ba rabon kaya ba ne sam. A Janairun 2006, wata biyar bayan Katrina, wata mata mai suna Anne Milling ta lura cewa 'yan majalisar tarayya ƙalilan ne suka taka ƙafa suka ga ɓarnar da idonsu, alhali su ne za su yanke kuɗin gyara. Ta tara mata, suka kira kansu Women of the Storm, fiye da 100 daga cikinsu suka hau jirgi zuwa Washington riƙe da shuɗɗan laimomi, kalar tamfol ɗin da aka rufe gidajen da iska ta yaye wa kwano. Suka bi ofis-ofis suna gayyatar 'yan majalisa su zo su gani. Suna cikin waɗanda suka matsa har aka yi dokar 2006 da ta ware wa jihohin gaɓar tekun wani kaso na kuɗin man da ake haƙowa a tekunsu, wanda Louisiana ta keɓe don gyaran gaɓa da kariya daga ambaliya. A garin Biloxi na Mississippi kuma, Sharon Hanshaw, mai gyaran gashi da ta rasa gida da shago a guguwar, ta jagoranci Coastal Women for Change. Su damuwarsu ita ce ana zaman tsara sake gina gari ba tare da talakawan unguwarsu ba, ana gaggawar buɗe gidajen caca alhali babu gidan haya mai araha, babu wurin rainon yara.

Kada ki ɗauka komai nasu zam-zam yake. Da yawa daga cikin tsofaffin ƙungiyoyin na matan masu hali ne, masu lokaci da mota da sanayya, kuma hannun mutum ya fi saurin kaiwa ga wanda ya sani. An soki yadda muryar masu gidaje ta danne ta 'yan haya a gyaran New Orleans, alhali 'yan hayar ne suka fi kasa dawowa. Haka nan ƙungiyar sa-kai ba ta gina shingen ruwa, ba ta biyan hayar iyali dubu. Da aka zuba mutane a gidajen tirela na FEMA, daga baya a 2008 hukumar lafiya ta ƙasar ta tabbatar da cewa iskar cikinsu na ɗauke da sinadarin formaldehyde mai cutarwa, babu kwandon kyauta da zai gyara wannan, sai gwamnatin da ta sayo su. Ni ina jin tsoron duk lokacin da aka cika yabon 'yan sa-kai, domin sau da yawa hukuma ce ke neman inda za ta laɓe.

Gajiyar da kika ce ta kama ku, su ma sun sha ta. Maganin da suka samo shi ne rage faɗi. Bayan guguwar Camille ta 1969 aka ga ƙungiyoyi suna cin karo da juna, gida ɗaya ya samu bargo biyar, na kusa da shi ko ɗaya, sai a 1970 aka kafa inuwa guda mai suna National VOAD don kowa ya faɗi abin da zai ɗauka. A matakin gari kuma akan kafa kwamitin farfaɗowa na dogon zango, inda ma'aikaciyar jin daɗin jama'a za ta kawo matsalar iyali ɗaya kan tebur ba tare da ambaton suna ba: an samu gida, saura gado da firij da kuɗin ajiya na haya. Coci ya ce ya ɗauki firij, ƙungiyar mata ta ce ta ɗauki gadajen yara. Ƙaramin reshe mai mamba 30 ba ya cewa zai ciyar da sansani. Yakan ɗauki iyali biyar ko makaranta ɗaya, ya riƙe su shekara guda.

Wannan ne abin da nake ganin zai yi muku aiki a Maiduguri, tunda ku ma damina duk shekara take zuwa. Ku buɗe asusu na daban da ba a taɓa shi don biki ko suna, a riƙa zuba wani abu kowane wata ko da kaɗan ne, mutum biyu su riƙa sa hannu kafin a cire. Ku zaɓi abu ɗaya da za a san ku da shi, kayan masu jego da audugar mata, ko mayar da yara makaranta, ko raka zawarawa da tsofaffi wajen sabunta takardun da ruwa ya ci. Ku nemi wata ƙungiya a garin da ruwa ba ya haɗa ku, Kano ko Bauchi misali, ku yi alkawarin duk wadda abin ya samu ɗayar ce za ta tashi. Kuma tun yanzu ku kai sunan ƙungiyarku da lambar shugabarku ofishin hukumar agajin gaggawa ta jiha da na Red Cross, ku faɗa musu abin da kuka ɗauka.