Hukuncin Shan Mofin Ga Mai Ciwon Daji, Da Hukuncin Wanda Tiramadol Ya Kama

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Allah Ya gafarta Malam, mahaifiyata tana fama da ciwon daji, har ya kai ga ƙashi. Likita ya rubuta mata mofin saboda azabar ciwon, ta sha na 'yan kwanaki ta samu sauƙi. Sai wani ya gaya mata cewa ai kayan maye ne, tun daga ranar ta ƙi sha, ta ce ba za ta gamu da Ubangijinta a buge ba. Yanzu kwana take tana nishi. Kuma lokacin da take sha, wani sa'in barci kan ɗauke ta har sallah ta wuce. Mene ne hukuncin maganin, kuma yaya za ta yi da sallolin? Sannan ni kaina an yi mini tiyata a baya wata takwas da suka wuce, aka ba ni tiramadol. Ciwon ya warke, amma ban daina sha ba. Yanzu nakan sha mai miligiram 100 guda biyar ko shida a rana, in ban sha ba jikina ba ya daɗi, ba na iya aiki. Shin ni ma lalura ce?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah Ya ba mahaifiyarka lafiya, Ya sa ciwon ya zama kankarar zunubi, kai kuma Ya saka maka da alheri da ka faɗi gaskiyar halinka. Mofin ɗin da likita ya auna wa Hajiya halal ne a gare ta. Tiramadol ɗin da kake sha a yanzu haramun ne a gare ka. Magungunan biyu dangin juna ne, don haka dole in yi bayanin abin da ya raba hukuncinsu.

Malamai suna cewa hukunta abu reshe ne na fahimtar abin, saboda haka bari mu fara da sanin me maganin yake yi a jiki. Zafin ciwo saƙo ne da jijiyoyi ke ɗauka daga wurin da ya lalace, ya bi ta laka ya isa ƙwaƙwalwa. A kan wannan hanya Allah Ya halicci wasu makarɓai, kamar kwaɗo mai jiran makullinsa, jiki kuma yana ƙera nasa makullin, wani sinadari da ake kira endofin, wanda ke rage ƙarfin saƙon. Mofin yana shiga wannan kwaɗon ne ya yi aikin da endofin ke yi, sai dai da ƙarfi ninkin ba ninkin. Daga afyun, wato busasshen ruwan wani tsiro, ake samo shi, wani mai haɗa magunguna ɗan Jamus, Friedrich Sertürner, shi ya fara tace shi a farkon ƙarni na 19. Kodin kuwa sai ya je hanta ta mayar da wani sashensa mofin kafin ya yi aiki sosai. Tiramadol haɗa shi ake yi a masana'anta, yana taɓa wancan kwaɗon, yana kuma ƙara yawan wasu sinadarai biyu da ke da hannu a nishaɗi da kuzari. Shi ya sa mai shansa yake jin kamar an ƙara masa ƙarfi.

Wannan kwaɗon ba a hanyar ciwo kaɗai yake ba. Akwai shi a sashen ƙwaƙwalwa mai kula da numfashi, da sashen jin daɗi, da hanji. Awo kaɗan yana kashe zafi mutum yana cikin hankalinsa. In aka ƙara sai gyangyaɗi da maye, in aka zarce numfashi ya yi ta raguwa har ya tsaya. Maganin ɗaya ne, awon ne ya bambanta, kuma a kan awon nan hukuncin yake juyawa.

Wanda ya tsoratar da Hajiya yana da abin riƙewa, ba zan raina hujjarsa ba. Muslim ya ruwaito daga Ibn Umar cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce duk abin da ke sa maye giya ne, kuma kowace giya haramun ce. Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito daga Jabir cewa abin da mai yawansa ke sa maye, kaɗan ɗinsa ma haramun ne. Da Ɗariƙ ɗan Suwaid ya ce yana yin giya ne don magani, amsar da Annabi ya ba shi ita ce ba magani ba ce, cuta ce. Mai karatu zai ce to ai magana ta ƙare.

Ba ta ƙare ba. Imam Al-Ƙarafi, malamin Malikiyya da ya rasu a shekara ta 684 bayan Hijira, a cikin Al-Furuƙ ya kasa abubuwan da ke taɓa hankali gida uku. Akwai muskir, wanda ke rufe hankali tare da nishaɗi da annashuwa alhali gani da ji suna nan. Akwai mufsid, wanda ke rikita hankali ba tare da wannan nishaɗin ba. Akwai murƙid, wanda ke tafiya da hankali da ji da gani gaba ɗaya, kamar abin da ake ba wanda za a yi wa tiyata. Ya ce abu uku sun keɓanta da muskir: haddi, da najasa, da haramcin ɗan kaɗan ɗinsa. Sauran biyun masu tsarki ne, kuma abin da bai kai ya taɓa hankali ba daga cikinsu ya halatta. Fuƙaha'u da yawa ba su sa afyun a cikin muskir ba. Ibn Farhun, wani malamin Malikiyya, ma ya ce abin da ya bayyana shi ne halaccin shayar da murƙid don yanke wata gaɓa, domin ba a tsoron cutarwar murƙid, ta gaɓar kuwa ana tsoronta. An-Nawawi a wajen Shafi'iyya ya inganta halaccin irin wannan. Sun faɗi haka ne ɗaruruwan shekaru kafin a nuna wa duniya tiyata da maganin barci na itar a birnin Boston a 1846.

Ni dai ba na son a jingina fatawar nan kacokan a kan wannan rabon, domin gaskiya ita ce dangin afyun suna sa wa wasu nishaɗi, kuma don shi ne masu shaye-shaye ke binsu. Ko da an sa su a sahun muskir, halaccin bai faɗi ba. Allah Ya ce a cikin Suratul An'am, aya ta 119, Ya fayyace muku abin da Ya haramta muku, sai dai abin da lalura ta tilasta ku gare shi. Hadisin Ɗariƙ kuwa ya bayyana dalilin hanin a cikinsa, wato giya ba magani ba ce. Mofin magani ne da likitocin duniya, Musulmi da waɗanda ba Musulmi ba, suka tabbatar da amfaninsa, kuma tun 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi a matakin ƙarshe na tsarin rage zafin ciwon daji, inda ƙananan magunguna suka gaza. Ciwon da ya ci ƙashi, ya hana barci, ya hana cin abinci, in wannan ba lalura ba ne to ban san abin da za a kira lalura ba. Sharaɗin shi ne likita masani amintacce ya rubuta, babu wani maganin da zai tsaya a madadinsa, kuma a tsaya a kan awon da ya yanka, domin lalura gwargwadonta ake ɗauka. Haramun ne kuma wani ya ƙara awo da nufin gaggauta mutuwar maras lafiya, ko da tausayi ne ya sa shi.

Ka gaya wa Hajiya cikin ladabi cewa tsoronta alamar imani ne, amma buguwar da take gudu ba ita ce wannan ba. Wanda azaba ta sa shi murƙususu shi ne ya fi kasa riƙe tasbaha. Gyangyaɗin da ke zuwa a kwanakin farko yawanci yana raguwa idan jiki ya saba, in kuma ya yi yawa likita yana iya rage awo ko canza lokacin sha. Taurin bayan gida shi ne ba ya sabuwa, a nemi maganinsa tun da wuri. Idan aka yi mata wannan bayani duka ta ce ta ji halal ne amma ta zaɓi haƙuri, to hakkinta ne. Matar nan mai farfaɗiya da ke cikin Bukhari da Muslim Annabi ya ba ta zaɓi tsakanin addu'ar warkewa da haƙuri, ta zaɓi haƙuri da Aljanna. Kada a ɗura mata, kada a ɓoye mata shi a cikin abin sha, domin A'isha ta ruwaito cewa Annabi ya ƙi a ɗura masa magani a ciwonsa na ƙarshe, da aka yi kuma bai ji daɗi ba. Abin da ba za a bari ba shi ne ta ci gaba da shan wuya a kan zaton haramci.

Maganar sallah kuwa, duk lokacin da maganin ya tafi da hankalinta ko ya sa ta barci mai nauyi, alwala ta warware. Idan barci ne irin wanda in an tashe ta za ta tashi, a tashe ta a cikin lokaci, in ya wuce ta rama da zarar ta farka, kamar yadda hadisin Anas ya nuna game da wanda ya yi barci ko ya manta. Idan kuwa hankalin ya gushe ne ta yadda ko an tashe ta ba ta sanin inda take har lokacin ya fita gaba ɗaya, a wajen Malikiyya da Shafi'iyya babu ramuwa, tunda ta hanyar halal hankalin ya tafi, hukuncinta na wanda ya suma ne, kuma Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa cewa Ibn Umar ya suma bai rama ba. Hanbaliyya suna ganin a rama. In sallolin kaɗan ne kuma ramawar ba za ta wahalar da ita ba, ta rama don fita daga saɓani, in sun yi yawa ba a ɗora mata. Akwai ma sauƙin da Ibn Abi Zaid ya ambata a Risala, cewa maras lafiya da ke tsoron hankalinsa zai gushe yana iya haɗa Azahar da La'asar a farkon lokacin Azahar, Magariba da Isha'i a farkon lokacin Magariba. Sai ta yi sallolin kafin ta sha maganin, a zaune ko a kwance, yadda ta iya. Idan gyangyaɗi ya kama ta a tsakiyar sallah har ba ta san abin da take karantawa ba, ta dakata sai ya sake ta.

Yanzu kai. Kwanakin da ka sha tiramadol bayan tiyata a kan umarnin likita babu laifi a kanka. Amma da bakinka ka ce ciwon ya warke, to lalurar da ta halatta shi ta tafi, halaccin ya bi ta. Abin da kake ji in ba ka sha ba, ba tsohon ciwon ba ne. Idan aka daɗe ana cusa wa makarɓan nan magani, jiki yakan daidaita kansa da shi, awon jiya ya daina isa yau, in an janye kuma sai gumi da ciwon gaɓoɓi da gudawa da rashin barci da ƙuncin rai su taso. Maganin ne ya haifar da cutar da kake sha dominta. Kuma miligiram 500 ko 600 da kake sha ya haura 400 da likitoci suka sa a matsayin iyaka ga babban mutum a yini guda. A irin wannan awon tiramadol yana iya jefa mai lafiya cikin jijjiga irin ta farfaɗiya, in kuma ya haɗu da giya ko maganin barci irin dayazefam, numfashi na iya ɗaukewa mutum yana kwance. Allah Ya ce kada ku jefa kanku cikin halaka, Ya kuma ce kada ku kashe kanku. Neman ƙarfin aiki ba uzuri ba ne.

Amma kada zafin tuba ya sa ka watsar da shi a dare ɗaya. Yawancin masu yin haka wahala ce ke mayar da su, kuma wanda ya daina na 'yan makonni sannan ya koma kan tsohon awonsa yana cikin haɗari mafi girma, domin sabon da jikinsa ya yi ya riga ya sauka. Ka je wurin likita a makon nan, ka faɗa masa adadin gaskiya kamar yadda ka faɗa mini, ya tsara maka ragewa sannu a hankali. Abin da za ka sha a cikin wannan tsarin halal ne, yana cikin tubarka, ko da zai ɗauki watanni. Abin da ka ƙara a kai da ra'ayinka shi ne zunubi. Sallolin da ka yi kana sanin abin da kake faɗa sun inganta, ƙwayar da ke aljihunka kuma ba najasa ba ce.

Abu ɗaya ya rage, kada ka ji nauyinsa. Idan Hajiya ta yarda ta koma shan maganinta, kada ajiyarsa ta kasance a hannunka. Mofin ya fi abin da kake sha ƙarfi nesa ba kusa ba, kai kuma a yanzu kana da rauni a daidai wannan wurin. A danƙa shi ga wani amintacce daga cikin 'yan'uwanka, ya kulle shi, ya riƙa ƙirga abin da ya fita da abin da ya rage.

Wallahu a'alam.