Tambaya da Amsa: Abinci ne ya jawo min lupus? Abinci zai warkar da ni?

Tambaya: Assalamu alaikum Dakta, sannu da ƙoƙari. Ni shekarata 27, wata takwas kenan da aka gano lupus ne yake damuna bayan na fi shekara ana min maganin zazzaɓi kala-kala ba sauƙi. Da safe ko murfin kwalba bana iya buɗewa sai rana ta ɗaga, in na taje kaina sai gashi ya cika matajin, ga wani jan tabo a kumatuna. An ɗora ni a kan haidroksikulorokwin da firednisolon kuma gaskiya na samu sauƙi, amma fuskata ta yi suntum ga yunwa ba dare ba rana. Toh sai yayata ta turo min bidiyon wata mata da ta ce abinci ne yake kawo ciwon, wai ta bar nama da madara da alkama da suga ta koma shan ruwan ganyaye ta warke tas har ta watsar da magani. Yau kwana biyu na ajiye firednisolon ɗin na fara bin tsarinta. Dan Allah abincin da nake ci ne ya jawo min? Kuma na ci gaba?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba ki lafiya. Kafin na taɓa maganar abinci, dan Allah ki koma kan firednisolon ɗinki yau ɗin nan yadda aka rubuta miki, ki nemi likitanki ki gaya masa kin tsallake kwana biyu. In kuma kin fara jin jiri ko amai ko wata irin kasala da ko tashi zaune ba kya iyawa, kar ki jira gobe, asibiti kai tsaye. Dalili kuwa akwai wasu 'yan halittu biyu a saman ƙoda da suke samar da sinadarin kotisol, wanda shi yake riƙe da bugun jini da sugan jiki, in mutum ya yi makonni yana shan firednisolon sai su kwanta barci tunda ana kawo musu daga waje, ranar da aka yanke lokaci guda ba sa farkawa nan take, jini zai iya faɗuwa mutum ya suma, ana rasa rai ma a haka. Shi ya sa ake rage shi kaɗan-kaɗan da lissafin likita. Kumburin fuskar da yake damunki na fahimce shi sosai, ba ƙaramin abu ba ne mace ta kalli madubi ta ga kamar ba ita ba, amma yana sauka in aka rage maganin, kuma burin kowane likita mai kula da lupus dama shine ya sauko da ke zuwa mafi ƙarancin adadi.

Sai maganar ko abinci ne ya jawo miki. A'a, ki cire wannan daga ranki. Lupus ciwo ne da garkuwar jiki take rikicewa, sojojin da aikinsu su yaƙi ƙwayar cuta sai su juyo kan mai gidan, su taɓa fata, gaɓoɓi, ƙoda, jini, wani lokacin har huhu da zuciya da ƙwaƙwalwa. Ba abu guda ne yake haddasa shi ba. Akwai gado, amma gadon shi kaɗai baya isa, don ko tagwaye masu kama ɗaya sau da yawa sai ɗaya ta kamu ɗayar lafiyarta ƙalau. Akwai sinadaran jikin mace, shi ya sa cikin masu lupus 10 kusan 9 mata ne kuma yawanci tsakanin shekara 15 zuwa 45 yake bayyana. Sannan akwai abubuwan da suke tsokano shi a jikin da dama yake ɗauke da shirin, kamar hasken rana, shan taba, ƙurar dutse mai silika, da wata ƙwayar bairos da ake kira Epstein-Barr wadda kusan kowa ya taɓa ɗauka ba tare da ya sani ba. Har wasu magunguna irin su haidiralazin na hawan jini da aisoniyazid na tarin fuka suna iya kawo wani nau'i mai kama da shi, shi wannan in an daina maganin yakan wuce. An kuma lura ya fi yawa ya fi tsanani a baƙar fata da mutanen Asiya fiye da Turawa. Kinga duk cikin lissafin nan babu nama babu madara.

Ita matar bidiyon ban ce ƙarya take ba, wataƙila da gaske ta ji sauƙi. Amma halin lupus kenan, ya tashi ya kwanta, wani lokacin ya yi watanni shiru ko an yi wani abu ko ba a yi ba, duk abin da mutum ya fara a daidai lokacin da ciwon zai lafa sai ya ɗauka shi ne ya warkar da shi. Waɗanda suka bi irin tsarin suka ƙare a gadon asibiti kuma ba su da ƙarfin ɗaukar bidiyo. Abin da ya fi tayar min da hankali shine ƙoda. Kaso mai yawa na masu lupus yana taɓa musu ƙoda, kuma ita ba ta ciwo ba ta ƙara, kina iya jin garau alhali tana lalacewa a hankali, sai ranar da kika ga fitsari yana kumfa kamar an zuba sabulu kuma kumfar ba ta bajewa, ko ki danna ƙaurinki da yatsa ki ga ramin ya zauna bai taso ba, ko ki tashi da safe idanu a kumbure. Gwajin fitsari da na jini ne kaɗai suke kama abun da wuri, don haka ranar asibiti ba a wasa da ita ko da kina jin lafiya.

Haidroksikulorokwin ɗin nan kuma ki riƙe shi da hannu biyu. Asalinsa maganin zazzaɓin cizon sauro ne, daga baya aka gano yana kwantar da lupus, yana rage yawan tashin ciwon, yana kare ƙoda, yana rage daskarewar jini. Aikinsa a hankali yake, yakan ɗauki wata biyu zuwa uku kafin a ga amfaninsa, shi ya sa mutane suke raina shi. Sharaɗinsa a riƙa duba miki ido lokaci-lokaci. A shekarun 1950 kusan rabin masu lupus ba sa wuce shekara 5 bayan an gano shi, yau kuwa inda ake samun kulawa mai kyau sama da 9 cikin 10 suna wuce shekara 10 suna harkokinsu, kuma magani ne ya kawo wannan canjin.

Toh kenan abinci ba shi da amfani? Yana da shi sosai, sai dai aikinsa kare ki daga ɓarnar ciwon da ta maganin. Firednisolon yana riƙe ruwa a jiki yana ɗaga jini, don haka gishiri shine farkon abin ragewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kar babba ya wuce giram 5 a rana, wato bai ma cika ƙaramin cokalin shayi ba, kuma ba wanda kike barbaɗawa kaɗai ba ne, yana ɓoye cikin abincin gwangwani, sinadaran ɗanɗano da kayan ƙwalam na leda. Firednisolon ɗin yana ɗaga suga kuma, sai ki yi nesa da lemon kwalba da kayan zaƙi, in yunwar dare ta taso ki tare ta da abin da yake riƙe ciki kamar wake, ƙwai, ganye, hatsin da ba a cire masa dusa ba. Maganin yana cin ƙashi, nan kuma kinga barin madarar da kika yi baya ya mayar da ke, don kina buƙatar kalsiyam da bitamin D fiye da sauran mutane, balle ga shi an ce ki guji rana. Kifi mai maiƙo irin sadin sau biyu a mako yana da kyau, ƙananan bincike sun nuna man omega-3 da yake cikinsa yana ɗan rage kumburi, ɗan ragewa fa, kuma yana taimakon zuciya, wanda yake da muhimmanci saboda lupus yana sa jijiyoyin jini su toshe da wuri ko a mace mai ƙuruciya. Tunda magungunan suna rage ƙarfin garkuwa, ki bar ɗanyen ƙwai, naman da bai dahu ba da madarar da ba a dafa ba, ganye kuma a wanke shi sosai. In gwaji ya nuna ƙodarki ta taɓu to lissafin furotin da fotasiyam zai canza, a nan ma ruwan ganyayen da kike sha kofi-kofi zai iya zama matsala, sai likita ya tsara miki gwargwadon sakamakonki. Yayarki kuma ƙauna ce ta sa ta turo miki, ki tafi da ita asibiti wata rana ta ji da kunnenta.

Tambaya: Dakta barka da aiki. 'Yata ce mai shekara 19 take da lupus, kullum cikin gajiya take kamar wadda ta yi dako. An ba ni shawarar na saya mata ƙwayoyin ƙara ƙarfin garkuwar jiki da garin alfalfa, wasu kuma sun ce na hana ta tafarnuwa da tumatir. Wanne zan bi?

Amsa: Mama sannu da jinya, Allah ya saka miki. Kar ki sayi ko ɗaya cikin biyun. Garkuwar 'yarki ba rauni ta yi ba, ƙarfinta ne ya wuce gona da iri har take dukan jikinta, duk abin da aka rubuta a kwalinsa yana zaburar da garkuwa, irin su ekinasiya, kamar zuba fetur ne a wuta. Alfalfa kuwa, wata irin ciyawa, ita ce abu guda da kusan duk likitocin lupus suka haɗu a kan a guje mata, tana ɗauke da wani sinadari mai suna kanabanin, an taɓa ciyar da birai irinta a gwaji suka kamu da ciwo mai kama da lupus, an kuma ga mutanen da ciwonsu ya tashi bayan sun sha ƙwayoyinta. Tafarnuwa hujjar da ake kafawa a kanta ba ta da ƙarfi, wadda ake sawa a girki ba na hanawa, ƙwayoyinta na kwalba ne nake cewa a bari. Tumatir da barkono da dankali babu wata hujja tabbatacciya, in dai ita da kanta ta lura wani abu yana tayar mata to ta riƙa rubutawa a ɗan littafi na wasu makonni ta nuna wa likita, ya fi a yi ta soke abinci har yarinya ta rame.

Gajiyar kuma a bincika ta, kar a ce lupus ne kawai a yi shiru. Ƙarancin jini, ƙarancin bitamin D, matsalar maƙoƙo, rashin barci da damuwa duk suna kawo ta kuma duk ana maganinsu. Ɗan tattaki kullum da sassafe ko bayan rana ta yi sanyi yana rage ta fiye da kwanciya yini guda. In za ta fita da rana ta rufe jiki ta shafa man kariya daga rana, baƙar fata ba ta hana rana tayar da ciwon. Sannan ta yi hankali da ibufurofen da daikulofenak da ake sha barkatai in gaɓoɓi sun matsa, suna wahalar da ƙoda, sai da izinin likitanta.

Tambaya: Dakta ni namiji ne ɗan shekara 34. Mahaifiyata tana da amosanin gaɓoɓi irin na garkuwar jiki, ƙanwata kuma lupus. In na bar alkama na fara shan bitamin D zan tsira?

Amsa: Malam, irin waɗannan cututtukan da garkuwa take juyowa kan jiki sun haura 80, ciki har da ciwon suga nau'i na 1 da wasu cututtukan maƙoƙo, kuma gaskiya ne sukan zagaya cikin dangi ɗaya kowa da irin nasa. Amma yawancin 'yan'uwan mai lupus ba sa kamuwa, kai da kake namiji ma haɗarinka ya fi ƙasa. Alkama cuta ɗaya ce aka tabbatar barinta shine maganin, wato siliyak, inda sinadarin gulutin yake sa garkuwa ta lalata hanji, in ba ka da ita barin alkama ba zai kare ka daga lupus ba, in kuma kana zargin kana da ita ka yi gwaji tun kana ci, don in ka bari kafin gwajin sakamakon zai iya fitowa ba daidai ba. Bitamin D akwai wani babban bincike a Amurka da aka fitar a 2022, mutum sama da 25,000 aka bi kusan shekara 5, waɗanda suka sha shi kullum aka samu ragin kusan kashi 22 cikin 100 na kamuwa da cututtukan garkuwa, sai dai duk 'yan shekara 50 zuwa sama ne, ba sa'anninka ba, kuma shan sa da yawa yana tara kalsiyam a jini ya kawo tsakuwar ƙoda, don haka a gwada ka tukuna. In kana shan taba ka bari, wannan ita ce aka fi tabbatar da alaƙarta da amosanin da lupus duka. Ba sai ka je gwajin ANA, wato gwajin jinin da ake yi in ana zargin lupus, haka kawai ba, don yana fitowa a jinin mutane da yawa masu lafiya ya bar su da fargaba, amma in ka ga gaɓoɓi suna kumbura suna sandarewa da safe sama da makonni shida, ko zazzaɓin da ya ƙi jin magani, ko gyambon baki mai yawan dawowa, ka je ka faɗa wa likita tarihin gidanku tun a zaman farko.