Ƙanena Ba Shi Da Aboki A Makaranta

Tambaya: Assalamu alaikum, Gwaggo. Ƙanena ɗan shekara 16 yana aji biyu a wata sakandaren kwana a nan Kumasi. A hutun da ya wuce ya faɗa mini cikin kuka cewa zuciyarsa ga maza 'yan'uwansa take karkata, kuma 'yan ɗakinsu suna kiransa ɗan daudu, wasu su ce Kojo Besia, har ya daina zuwa ɗakin cin abinci. A gida ni kaɗai na sani. Yaya zan yi da shi?
Daga wata yaya a Aboabo.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Yaron da ya gwammace yunwa da zama cikin 'yan ajinsa kaɗaici ne yake cinsa, kuma maganin wannan kaɗaicin shi ne abin gaggawa. Tunda ke ya zaɓa ya buɗe wa cikinsa, ki riƙe wannan amana, kada ki kai maganar ga kowa ba da yardarsa ba, domin abin da ya shiga kunnen mutum biyu a zango kafin magariba ya zaga unguwa.

Ta fuskar doka, sashe na 104 na dokar manyan laifuka ta Ghana ta 1960, wanda ya shafi saduwa tsakanin maza, aiki yake hukuntawa, bai taɓa abin da ke cikin zuciyar yaro ba. Ƙudirin tsananta hukunci kan neman jinsi ɗaya da majalisa ta zartar a watan Fabrairun 2024 kuwa, Shugaba Akufo-Addo ya sauka bai sa masa hannu ba, amma zafin da muhawarar ta tayar ya kai har ɗakunan kwanan ɗalibai. Sashe na 15 na tsarin mulkin 1992 ya ce mutuncin kowane mutum ba abin ketawa ba ne, saboda haka kina iya kai ƙarar tsangwama ga malamin da ke kula da ɗakinsu a matsayinta na tsangwama kawai, ba tare da kin tona asirinsa ba.

Ba ya bukatar makaranta duka ta so shi. Aboki ɗaya mai kirki, namiji ko mace, ya isa ya mayar da shi teburin abinci, kuma irin wannan abota takan ƙullu ne a wurin da aiki ya haɗa yara, kamar ƙungiyar muhawara, ko ta wasan kwaikwayo, ko masu bitar darasi tare saboda jarrabawar kammala sakandare ta WASSCE, inda ake auna yaro da abin da ya iya. Ki tambaye shi wanda bai taɓa yi masa dariya ba a ajinsu, daga nan zai fara. Sai dai ki ja masa kunne sosai game da neman abokai a intanet, domin akwai miyagu da ke yaudarar irinsa su kira shi wani wuri, su yi masa duka, su ɗauki hotonsa, sannan su riƙa karɓar kuɗi da barazanar fallasa shi.

Idan kika ji yana cewa ya gaji da rayuwa, kada ki jira hutu. Ki kai shi sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na asibitin Komfo Anokye.

Ranar ziyara mai zuwa ki tafi masa da garin rogo da shito (miyar barkono) fiye da na mutum ɗaya don ya sami abin da zai raba, ki zauna da shi a inda 'yan ɗakinsu za su gan ku.