Re: Fitsarina ya yi baƙi bayan tirenin, in sha diclofenac in koma fili?

Wa alaikumus salam ƙanina. Wallahi da na karanta tambayarka sai da gabana ya faɗi. Cinyoyi sun kumbura sun ƙi lanƙwasuwa, fitsari ya koma kalar baƙin shayi kwana biyu bayan tirenin, abin da ya kwantar da ni ke nan. Don Allah kar ka sha diclofenac ko ibuprofen, su ne ke ƙara wa ƙoda wahala a irin wannan hali. Filin ma ka manta da shi. Ka ɗauki katin inshorar lafiyarka na NHIS ka nufi asibiti yau ɗin nan, Komfo Anokye ko Manhyia a nan Kumasi, duk wanda ya fi maka kusa.

Likitoci suna ce masa rabdomayolisis. Naman jiki ne ke farfashewa idan aka ɗora masa aikin da ya fi ƙarfinsa, sai wani sinadari mai suna mayogulobin ya zubo cikin jini ya je ya toshe ƙoda. Shi ne baƙin da kake gani. Ka ce su yi maka gwajin ƙoda da na CK, wani sinadari da ke ƙaruwa a jini idan naman jiki ya farfashe. Idan CK ya ninka ƙa'ida sau 5, wajen 1,000 ke nan, sun san shi ne. In ya wuce 5,000 kuwa, ƙodar suke ji wa tsoro.

Ni nawa koci ne ya jawo mini. Mun dawo bayan ƙaramar Sallah, wata guda ba wanda ya yi gudun kirki, aka ci mu a wasan sada zumunci. Washegari da tsakar rana a Aboabo mutumin nan ya sa mu tsallen kwaɗo muna zagaya fili, ya ɗora ƙafa a kan buhun piya wata ya ce ba mai sha sai an gama, wai ruwa na ragwaye ne. Ƙafafuna suna rawa, na ce masa koci ba na jin cinyoyina, ya ce in ba zan iya ba in je in sayar da waakye. Yara suka yi dariya. Daren da abin ya tashi, ko tsugunawa a bayi na kasa, sai da yayana ya riƙe ni. Hajiyata ta leƙa fo ta ga abin da na yi, ta zauna a ƙasa tana salati. Aka kai ni asibiti, aka yi ta yi mini ƙarin ruwa leda bayan leda, nas tana auna fitsarin duk da na yi, ni kuwa ina kwance ina jin likita yana maganar wankin ƙoda idan bai washe ba. Allah Ya taimake ni ya washe. Kocin nan ko waya bai yi ba, har yana gaya wa mutane wai lalaci ne. Na bar shi da Allah, amma har yau in na hango shi sai in canja hanya.

Ka san jininka kuwa? Masu AS, wato masu ɗauke da ƙwayar sikila, sun fi shiga haɗari idan zafi da ƙishirwa suka haɗu da tirenin mai tsanani, kuma da yawa a Zango ba mu taɓa gwadawa ba. Haka wanda bai gama warkewa daga maleriya ba. Ga kuma masu haɗiyar tramol kafin su shiga jim don kar su ji ciwo, alhali ciwon nan shi ne ke ce maka tsaya. Wannan dai mu yi wa ƙannenmu faɗa, abin ya yi yawa.

In ka ga fitsarin ya ragu ko ya tsaya, ko zuciya tana bugawa ba daidai ba, ko cinyar ta yi tauri ƙafa tana mutuwa, ko tsakar dare ne ku nemi mota. Kana hanya kana shan ruwa, amma kar wani ya ce maka ruwan gida ko jiƙo ya isa.

Bayan an sallame ka, sai likita ya sake gwaji ya ba ka izini. Ka fara da tafiya, sannan sassarfa, da sassafe bayan Asuba. Jiki yana ɗaukar kwana 10 zuwa 14 kafin ya saba da aiki cikin zafi, ko da lafiyarka ƙalau. In kocinku irin nawa ne, ka kai masa takardar asibiti a gaban babba. Ka sanar da mu abin da gwajin ya nuna, Allah Ya ba ka lafiya.