Mai murza keke a Samaru zai iya da duwatsun Mayorka?

Malam ka ce kullum bayan asuba kana murzawa daga Samaru zuwa Kwangila ka dawo, kana tambaya ko hakan ya isa ka je hutun keke a tsibirin Mayorka na ƙasar Sifen. Wallahi za ka iya, amma fa sai ka ƙara shiri don mu nan Zariya ƙasar a shimfiɗe take, can kuwa duwatsun Tramuntana ne suka bi gaɓar teku ta arewa maso yamma, tun 2011 ma UNESCO ta sa su cikin wuraren tarihi na duniya. Hanyar da kowa ke zance ita ce Sa Calobra, sai ka gangara har bakin ruwa tukuna sannan ka juyo ka hau, wajen kilomita 9 da rabi ba sassauci, kwana kan kwana har 26, kuma titi ɗaya ne tak, ta inda ka sauka ta nan za ka fito. Don Allah kar ka fara da ita ranar farko, birki ma sai ka iya shi sosai saboda manyan bas na masu yawon buɗe ido.

In da hali ka leƙa Jos ka gwada ƙafarka a hawa kafin tafiya.

Ka je tsakanin Maris da Mayu ko Oktoba, Yuli da Agusta akwai zafi da cunkoso. Keke kuma kar ka wahalar da kanka da ɗauka, haya ake bayarwa, ka ce mai giya mai sauƙi kake so. Hular kwano dole ce a wajen gari, sai bizar Shengen, wato bizar shiga Sifen da wasu ƙasashen Turai, ita ka fara nema da wuri.